Sa wa jariri sunan tauraron labari: me za a bincika kafin suna ya hau takarda?

Akwai iyayen da tun ciki bai tsufa ba sun riga sun ɓoye suna a rai, kuma idan aka bi sawu sai a tarar daga wani littafi ko wani fim suka tsinto shi. Sun karanta labarin wata yarinya mai ƙarfin hali da ta ƙi sunkuyar da kai, ko sun kalli wani jarumi da ya tsaya kan gaskiya bayan kowa ya dare ya bar shi, abin ya zauna musu a zuciya har suka ƙudurta cewa idan an samu ƙaruwa, sunan nan za a raɗa. Babu abin kunya a wannan. Kowa yana son ya ba ɗansa abin da ya fi ƙauna, kuma wani lokaci abin da mutum ya fi ƙauna a cikin labari ya same shi.

Ba yau aka fara ba. Jessica, sunan da ya mamaye jarirai mata a Amurka a shekarun 1980 da 1990, an fara ganinsa da wannan rubutun ne a wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, a ƙarshen ƙarni na 16. Vanessa kuwa marubuci Jonathan Swift ne ya ƙera shi da hannunsa: ya ɗauki "Van" daga sunan dangin Esther Vanhomrigh, wadda ya koyar, ya haɗa da "Essa" daga sunanta na farko, ya sa a wata waƙa da aka buga a 1726. Wendy bai zama sunan da kowa ya sani ba sai bayan wasan Peter Pan na 1904.

Yau babu wanda zai haɗu da wata Vanessa ya tsare ta da tambayar waƙar Swift. Sunan ya yaye, ya bar gidan da aka haife shi, ya tsaya da ƙafarsa. Nan ne gaɓar maganar gaba ɗaya. Uwa da uba tauraron suke so, amma abin da yaro zai ɗauka suna ne tsurarsa. Shi zai amsa a aji, a asibiti, a gaban masu ɗaukar aiki, har a bakin jikokinsa, shekara saba'in bayan an daina nuna fim ɗin. Tambayar da ya kamata iyaye su riƙe ita ce: idan aka manta da labarin, ko labarin ya lalace, me ya rage a sunan?

Labarin da bai ƙare ba

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ɗaukar suna daga labarin da ake kan rubutawa. Masu iya magana sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma tauraron fim mai dogon zango haka yake.

Tashar HBO ta nuna Game of Thrones daga 2011 zuwa 2019, zango takwas. A zangunan farko, Daenerys, wadda ake kira Khaleesi, mace ce da aka zalunta, ta tashi da ƙarfinta, ta riƙa 'yanta bayi gari bayan gari. Iyaye suka so ta. Sunan Khaleesi ya shiga jerin sunayen mata 1,000 da aka fi sawa a Amurka a 2014, kuma a 2018 kaɗai jarirai 560 aka raɗa wa shi. Ranar 12 ga Mayu, 2019, a kashi na kusa da ƙarshe, sai aka nuna ta tana ƙone birni da mazaunansa, bayan birnin ya riga ya miƙa wuya. A daren nan wasu daga cikin yaran suna rarrafe, wasu sun shiga firamare.

Dalilin faruwar irin wannan a fili yake. Marubuci bai ƙulla alkawari da masu jego ba. Aikinsa ya girgiza mai kallo, kuma babu abin da ke girgiza zuciya kamar faɗuwar wanda aka fi so. Sau da yawa ma, yadda aka ɗaga tauraro sama a farko, shiri ne na yadda za a kayar da shi a ƙarshe. Ga kuma matsalar mallaka: taurarin manyan finafinai da littattafan zane na kamfanoni ne, marubuta suna sauyawa, wanda ya zo bayan shekara goma yana iya mayar da jarumi maci amana don ya sake jawo 'yan kallo.

Ko labarin da aka ɗauka ya ƙare yana iya farkawa. A 1960 Harper Lee ta fitar da To Kill a Mockingbird, inda lauya Atticus Finch ya kare wani baƙar fata da aka yi wa ƙage a kudancin Amurka. Shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin abin koyi wajen adalci, kuma iyaye sun sa wa 'ya'yansu sunansa. A watan Yulin 2015, shekara 55 bayan nan, aka buga wani littafin nata, Go Set a Watchman, wanda ya nuna Atticus a tsufansa yana halartar taron masu goyon bayan wariyar launin fata. Sai dai a lura da bambanci: Atticus tsohon suna ne tun zamanin Rumawa, yana da masu shi kafin littafin, don haka ya samu wurin jingina. Khaleesi ba shi da kowa sai labarin.

Abin yi a nan a bayyane yake, ko da yake yana cin lokaci. A karanta labarin har bango na ƙarshe, da duk ci gabansa. Wanda fim kawai ya kalla ya nemi littafin da aka ɗauko shi, domin masu fim kan yanke munanan halayen jarumi don ya shiga rai. A duba ko marubucin ya sanar da kammalawa. Labarin da ya shekara goma da rufewa kuma har yanzu ana ganin mutuncin tauraronsa ya fi wanda aka fara nunawa bara aminci nesa ba kusa ba.

Akwai wata tambaya da iyaye kan ji nauyin yi wa kansu, amma tana da amfani: shin halin tauraron ne ya burge ku, ko fuskar ɗan wasan da kiɗan da ake sawa idan ya fito? Idan kuka kasa faɗin halaye uku nasa da kuke fatan ɗanku ya yi, ba tare da kun ambaci kyau ko iya faɗa ba, to akwai alamar ɗan wasan kuke so.

Wannan kalmar, suna ce kuwa?

Ba duk abin da ake kiran tauraro da shi a labari ne suna ba. Khaleesi sarauta ce, ma'anarta matar khal, wato matar shugaban mayaƙa, a wani harshe da aka ƙirƙira saboda labarin. A tsohon labarin soyayyar Laila da Majnun, sunan saurayin Ƙais, Majnun laƙabi ne da mutane suka liƙa masa, kuma ma'anarsa mahaukaci. Wanda ya ji daɗin kalmar a kunne ya raɗa wa ɗansa, ya ba shi zagi ya ɗauka har abada a wurin duk mai jin Larabci.

Marubuta kuma sukan zaɓi suna don ya ba da labarin ƙarshen mai shi. Desdemona, matar Othello da mijinta ya kashe a wani wasan Shakespeare, sunanta daga kalmar Girkanci ce mai nufin marar sa'a. Dolores da Sifaniyanci baƙin ciki yake nufi. Wasu marubutan ma wasa suke yi da sunayen: a zanen Japan mai suna Dragon Ball, Gohan dafaffiyar shinkafa ce, Vegeta kuma an yanko shi ne daga kalmar Turanci ta kayan lambu. Yaron da ya tashi da irin wannan suna ba zai gane ba sai ranar da ya gabatar da kansa ga ɗan Japan ya ga yana ɓoye murmushi. A sunayen Japan, Sin da Koriya kuma sunan dangi ne ke zuwa farko, don haka mai kallo yana iya ɗaukar sunan zuriya a zatonsa sunan mutumin ne.

Akwai kuma abin da ya shafi imani, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Thor da Loki, da matasa suka sani a matsayin jaruman finafinan Marvel, sunayen gumakan mutanen arewacin Turai ne na dā. Athena allahiya ce a wurin tsoffin Girkawa. Iyali mai kowane irin addini yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya yanke shawara, kada sai bayan shekara biyar wani malami ya faɗa masa.

Ta yaya ake gano gaskiyar ma'ana? Shafukan intanet masu jera sunayen jarirai ba abin dogaro ba ne su kaɗai. Suna kwafar juna, kuma suna shafa wa ma'ana zuma: kalmar da ke nufin duhu sai a rubuta mata "kyawun dare". A nemi ƙamus na harshen da sunan ya fito. Sannan a samu mai jin harshen tun daga nono a yi masa tambaya biyu: me kalmar take nufi, kuma a wurinku ana sa wa mutum ita? Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Simba da harshen Swahili zaki ne, ma'ana mai kyau, kuma ana iya samun mutane da sunan. Wata kalmar kuwa ma'anarta lafiya lau, amma masu harshen kare ko kyanwa kawai suke kira da ita. A kuma tabbatar da ainihin rubutun, domin fassara tana sauya suna. Tauraruwar fim ɗin Disney na 2016 da ake kira Moana a Amurka, a Faransa da wasu ƙasashen Turai Vaiana ce.

Baki da kunne

Suna abin kira ne kafin ya zama abin rubutu. Masu karatun Harry Potter sun daɗe suna karya harshe wajen faɗin Hermione, sunan wata tauraruwar labarin, har sai da marubuciyar ta sa wani wuri a littafi na huɗu, na shekarar 2000, inda yarinyar ke koya wa wani yadda ake furta sunanta gaɓa-gaɓa. Idan masu karatu miliyoyi sun sha wahala, ku tuna da kakar yaron, da malamin aji ɗaya, da ma'aikaciyar jinya mai kiran layi.

Gwajin da ya fi fito da gaskiya mai sauƙi ne. A samu mutum biyar da ba su san labarin ba, manya da yara. A faɗa wa uku sunan sau ɗaya a ce su rubuta, a nuna wa biyu rubutun a ce su karanta. Idan aka samu rubutu iri uku da furuci iri biyu, to abin da yaron zai riƙa fama da shi ke nan duk lokacin da ya buɗe baki ya ce "sunana". Bayan haka a tsaya a ƙofar ɗaki a ƙwala kiran sunan da ƙarfi sau goma, kamar yaro ya nufi titi a guje. Sunan da ya wuce gaɓa uku, ko mai baƙaƙe a cunkushe, baki zai gajarta shi da kansa. Ku riga mutane gano gajeren, ku ga ko kun yarda da shi, domin shi ne zai zauna.

A haɗa shi da sunan uba ko na dangi a faɗa a jere. Ƙarshen wannan da farkon wancan sukan manne su haifar da wata kalma da ba a yi niyya ba. A rubuta haruffan farko na kowane suna a ga me suka tara. Idan gida yana da harshe biyu ko uku, a gwada a kowanne. Sai kuma a zauna a yi abin da 'yan makaranta za su yi: a nemi kalmar da ta yi kama da sunan wadda za a iya tsokana da ita. Idan ku manya kuka samo ta cikin minti ɗaya, yara za su samo ta tun ranar farko.

A ƙarshe a ɗora sunan a kan babban mutum. A sa masa Dakta a gaba, a sa Mai Shari'a, a kira shi kamar ana kiran tsoho mai furfura. Wasu sunayen suna yi wa jariri kyau kamar rigar haihuwa, kuma kamar ita ba sa shiga jikin babba.

Kada a manta da intanet. A rubuta sunan shi kaɗai a manhajar bincike, a duba shafi biyu na farko, a duba ɓangaren hotuna. Lolita sunan lele ne na Dolores a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, amma tun bayan littafin marubuci Nabokov mai wannan suna na 1955, wanda ya ba da labarin cin zarafin ƙaramar yarinya, kalmar ta ɗauki wata ma'ana da babu uban da zai so a jingina wa 'yarsa. Bincike na minti biyar yana fito da irin wannan.

Hukuma da takarda

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce, a sashe na 7, a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin samun suna tun daga haihuwa. Kowace ƙasa da wa'adinta: Faransa kwana 5, Japan kwana 14, Scotland 21, Ingila da Wales 42. Ke nan bincike aikin lokacin goyon ciki ne. Wanda ya bari sai a gadon asibiti, cikin gajiya da farin ciki, abin da ya fara zuwa bakinsa zai rubuta.

Ba kowace hukuma ce ke karɓar abin da iyaye suka kawo ba. A Faransa tun 1993 iyaye ke da 'yancin zaɓi, amma idan jami'in rajista ya ga suna zai cutar da yaro, yakan sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi kuma ya kai gaban alƙalin iyali. Haka aka yi da wasu iyaye da suka sa wa ɗansu Titeuf, sunan wani yaro na littafin zanen barkwanci. A watan Fabrairun 2012 kotun ƙoli mai duba hukunce-hukunce ta ƙasar ta tabbatar da cire sunan, bisa hujjar cewa ya saɓa wa maslahar yaron. Iceland tana da kwamitin sunaye tun 1991, wanda ke duba ko sabon suna zai zauna da nahawun harshensu. New Zealand ba ta karɓar sunan da ya yi kama da sarauta ko muƙami, irin su King da Prince. Japan ta ƙayyade haruffan kanji (haruffan gargajiya da aka aro daga rubutun Sin) kusan 3,000 da za a iya amfani da su, kuma daga 26 ga Mayu, 2025, doka ta tilasta rubuta yadda ake furta suna a rajistar iyali, abin da ya taƙaita ɗabi'ar rubuta harafi na gargajiya a ce a karanta shi da sunan wani tauraron zane. Iyalin da ke zaune a wata ƙasa, ko yaron da zai riƙe ƙasa biyu, su tambayi ofisoshin biyu tun da wuri.

Ko inda doka ba ta hana ba, na'ura tana da nata sharaɗin. Layuka biyun nan da ke ƙasan shafin fasfo, waɗanda kwamfuta ke karantawa, kowanne gurbi 44 ne, kuma gurbi 39 kawai aka ware wa sunaye gaba ɗaya. Haruffan A zuwa Z kaɗai ake rubuta suna da su. Waƙafin sama yakan faɗi, don haka sunan jarumin Marvel T'Challa zai koma TCHALLA. Karan ɗori yakan zama tazara, sunan ya rabu biyu. Alamar da ke kan harafi, kamar ta Éowyn, takan ɓace. Sunayen labaran almara cike suke da waɗannan alamomi. Matsalar kan taso ne idan takardar haihuwa ta rubuta iri ɗaya, makaranta ta rubuta wani, banki ya rubuta na uku, sai ranar neman biza ko karɓar gado a ce mutum ya kawo shaidar cewa duka shi ne. Maganin shi ne a zaɓi rubutu ɗaya mafi sauƙi tun ranar farko, a karanta takardar haihuwa harafi-harafi kafin a bar ofis.

Wasu kan tambaya ko kamfanin fim zai iya kai su ƙara. Rajistar alamar kasuwanci kayan sayarwa take karewa, ba ta hana raɗa wa mutum suna. Duk da haka ruɗani yana faruwa: a 2024 ofishin fasfo na Birtaniya ya fara ƙin bai wa wata yarinya 'yar shekara 6 fasfo saboda sunanta na cikin Game of Thrones, yana cewa sai an kawo izinin kamfanin, daga baya ya amsa cewa kuskure ne ya ba da haƙuri. Inda alamar kasuwanci ke iya tasiri shi ne idan yaron ya girma ya so buɗe sana'a da sunansa.

Yayi

Da yawa suna zaɓar sunan tauraro ne don ɗansu ya fita daban. Sun manta cewa fim ɗin da ya taɓa su ya taɓa wasu miliyoyi a wata guda. A fim ɗin Splash na 1984, wata 'yar ruwa ta ga allon titin Madison a birnin New York ta ce sunanta ke nan. Kafin nan sunan dangi ne, ba ya cikin jerin sunayen mata 1,000 na Amurka. Ya shiga a 1985, kuma zuwa 2001 shi ne na biyu a ƙasar baki ɗaya.

Hukumar inshorar jama'a ta Amurka tana da alƙaluman sunaye tun daga 1880, ofishin ƙididdiga na Birtaniya ma yana fitar da na Ingila da Wales duk shekara. Yadda ake karanta su: a duba shekara goma kafin fitowar labarin. Idan sunan yana nan dama, fim ya ɗan ɗaga shi ne kawai, zai rayu bayan fim. Idan daga babu ya yi tsalle, to ya zama hatimin shekarar haihuwa, duk wanda ya ji shi zai san shekarun mai shi da abin da iyayensa ke kallo. Inda babu alƙaluma, malamar ajin ƙananan yara da ungozoma sun fi kowa sanin sunan da ake yayi.

Nauyin da ke kan yaron

Ana cewa suna linzami ne, kuma iyaye da yawa a ransu suna fatan hali ya bi suna. Amma kama da wane ba ta wane. Yaron da aka sa wa sunan mayaƙi yana iya tashi mai kunya, mai son zama shi kaɗai da littafi. Abin da ke cutar da shi shi ne a riƙa auna shi da takwaransa: "mai sunanka ba ya kuka." Takwaran nan ba ya gajiya, ba ya faɗuwa jarrabawa, domin marubuci ne ya rubuta masa nasararsa. Babu ɗan adam da zai yi gasa da wannan.

Ku sani kuma yaro zai nemi takwaransa. Da ya iya karatu ya samu waya a hannu, sunansa zai fara rubutawa. Idan labarin na manya ne, mai tsiraici ko zubar da jini, shi zai gani yana ɗan shekara tara. Ku tambayi kanku ko za ku iya zama tare da shi ku kalla ko ku karanta, ku nuna masa wurin da ya sa kuka zaɓi sunan. Idan amsar ita ce sai ya girma, ku shirya abin da za ku faɗa masa kafin nan.

Masu tagwaye ko masu son jera sunayen 'ya'ya daga labari ɗaya su duba alaƙar taurarin. Romeo da Juliet masoya ne, kuma mutuwa suka yi tare. Wa da ƙanwa ba za su ji daɗin ɗaukar wannan a makaranta ba. Haka sa wa ɗaya sunan jarumi ɗaya kuma sunan yaronsa mai riƙe masa jaka.

Dole iyaye biyu su yarda, kuma yarda ta gaskiya. Wanda bai san labarin ba shi ne ma ya fi amfani a shawarar, domin yana jin sunan yadda sauran duniya za ta ji shi. Hanya mai kyau ita ce a ajiye suna uku, a yi mako biyu ana kiran cikin da kowanne a bayyane. Sunan da daɗin fim ne kawai ke riƙe da shi yakan gundura kafin mako biyun su cika.

Idan suna ya faɗi gwaji ɗaya ko biyu amma zuciya ta ƙi sakinsa, akwai mafita. Ana iya mayar da shi suna na tsakiya, yana kan takarda amma ba shi ake kira kullum ba, yaro in ya girma ya zaɓa. Ana iya barinsa laƙabin cikin gida wanda bai shiga rajista ba. Ana iya ɗaukar ainihin sunan tauraron a bar laƙabinsa, Ƙais maimakon Majnun. Hanyar da muke ganin ta fi duka ita ce a tambayi me aka so a tauraron, haƙuri ne, jarumta ce, riƙon amana ne, sai a nemo suna a harshen iyalin da ke ɗauke da wannan ma'anar. Dalilin zaɓin yana nan daram, kuma kakanni za su iya kira.

Idan an riga an raɗa

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowa kuwa sai da igiya. Amma ana fitowa, kuma da wuri ya fi sauƙi. A Ingila da Wales ana iya sauya sunan farko a rajistar haihuwa cikin wata 12 da yin rajistar. A Faransa, tun bayan dokar 2016, ana neman sauyin a ofishin magajin gari idan akwai dalili karɓaɓɓe, kuma yaron da ya wuce shekara 13 sai da amincewarsa. A wurare da dama hanyar ita ce rantsuwa a kotu ko takardar shaidar sauya suna.

Jerin gyaran yana da muhimmanci. A fara da takardar haihuwa, domin duk sauran daga gare ta suke kwafa, sannan katin shaida da fasfo, sannan makaranta, asibiti da banki. A adana takardar da ta tabbatar da sauyin tare da kwafi biyu ko uku, za a nemi ta har bayan shekara talatin. A yi ƙoƙarin kammalawa kafin yaro ya zana jarrabawar da ake ba da takardar shaida, domin gyaran suna a irin wannan takarda shi ne mafi wahala.

Jariri kan fara gane sunansa tun yana wata huɗu zuwa shida. Idan ya riga ya saba, kada a yanke tsohon suna rana ɗaya. A riƙa kiran sabo da tsoho a haɗe na 'yan makonni, sabon a gaba, har ya fara waiwayowa tun kafin a ƙarasa, sannan a saki tsohon. Idan kuwa yaron ya yi wayo, a zaunar da shi a tambaye shi tukuna. Sau da yawa iyaye ne abin da tauraron ya aikata a kashi na ƙarshe ya dama, yaron kuwa bai taɓa kallon fim ɗin ba, sunan nasa ne, da shi abokansa ke kiransa, kuma ba ya son a taɓa masa.